Kujerar ta Wace ce? Tarihin Dokar Hana Sauya Sheƙa a Najeriya

A watan Janairun 1952 majalisar dokokin Jihar Yamma ta yi zamanta na farko a Ibadan, bayan zaɓen da aka gudanar a 1951 ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Zaɓen ba irin na yau ba ne. Hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kai gaci ƙungiyoyin garuruwansu ne suka tsayar da su. NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe tana lissafa su a nata, Action Group ta Cif Obafemi Awolowo ita ma tana lissafa su a nata. Da aka zo zama, rinjaye ya faɗa hannun Awolowo. Cikin mutum shida da jam'iyyar mutanen Ibadan, wato IPP, ta kawo, biyar suka bi Action Group, Adegoke Adelabu kaɗai ya tsaya da NCNC. Azikiwe, wanda aka zaɓo daga Legas, ya zama jagoran adawa, daga baya ya tattara ya koma Jihar Gabas, inda ya zama Firimiya a 1954.

Har yau masana tarihi ba su daidaita a kan abin da ya faru ba. Wasu na cewa cikin dare aka janye wa Azikiwe mutane saboda ba Bayarabe ba ne. Wasu na cewa mutanen nan tun asali ba 'yan NCNC ba ne, don haka babu wanda ya ci amanar kowa. Ko ma wanne ne gaskiya, labarin ya zauna a zukata, kuma daga nan ake fara ƙirga tarihin sauya sheƙa a ƙasar nan.

Shekara goma bayan haka abin ya dawo wa Action Group da kanta. A 1962 Awolowo ya ɓata da mataimakinsa, Firimiya Samuel Ladoke Akintola. A watan Mayu aka yi dambe a zauren majalisar Ibadan, aka jefi juna da kujeru, aka karya sandar majalisa, sai da 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Da Akintola ya dawo kan kujerarsa a farkon 1963, da sabuwar jam'iyya ya dawo, kuma wakilan da ke bayansa mutane ne da aka zaɓa da sunan wasu jam'iyyun. A majalisar tarayya ma kujeru 73 da Action Group ta ci a 1959 suka riƙa zaizayewa. Gwamnatin da ke mulkin Jihar Yamma ta zama gwamnatin da ba ta taɓa tsayawa gaban masu zaɓe da sunanta ba, kuma da lokacin tsayawar ya zo a Oktoban 1965, sai aka yi maguɗin da ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Wata uku bayan nan sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko.

Wannan tabon ne a ran waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin 1979, tun daga kwamitin Cif Rotimi Williams da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 har zuwa majalisar da ta tantance daftarin. Suka saka doka: ɗan majalisar da wata jam'iyya ta ɗauki nauyin takararsa, in ya shiga wata kafin wa'adin majalisar ya cika, ya rasa kujerarsa. Amma suka bar ƙofa biyu. In jam'iyyarsa ce ta dare, ko kuma ta haɗe da wata, to babu laifi a kansa. Hikimar togaciyar a fili take. Wanda gidansu ya rabe biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ne na asali, ba adalci ba ne a hukunta shi don ya zaɓi inda zai tsaya.

Ba a jima ba aka gwada ƙofar, kuma a Arewa aka gwada ta. Tun daga 1980 PRP ta rabu gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suna tare da gwamnonin jam'iyyar biyu, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe a Yunin 1981. Shi kuwa Rimi, da zaɓen 1983 ya ƙarato kuma ya tabbata ba shi da tikiti a PRP, sai ya koma NPP, ya kuma yi abin da ba a cika gani ba tun daga lokacin: ya ajiye muƙamin gwamna. Mataimakinsa, Alhaji Abdu Dawakin Tofa, ya ƙarasa wa'adin. Rimi ya shiga zaɓe ba shi da gidan gwamnati a hannu, ya sha kaye a wurin Sabo Bakin Zuwo na PRP. A Borno kuma Gwamna Muhammadu Goni ya bar GNPP da ta rikice ya koma UPN bai sauka ba, aka kai maganar har Kotun Ƙoli, ta ba shi gaskiya saboda ɓarakar da ke cikin tsohuwar jam'iyyarsa. Hanyoyi biyu ke nan aka shimfiɗa a shekara ɗaya. Ta Goni ce 'yan siyasa suka riƙe.

Kundin 1999 ya kwafo dokar kusan yadda take. Sashe na 68(1)(g) ya shafi majalisar tarayya, sashe na 109(1)(g) ya shafi majalisun jihohi. Wanda ya karanta su a natse zai ga inda suke yoyo. Ba a fayyace irin ɓarakar da ake nufi ba, ko ta uwar jam'iyya ce ko ta reshen jiha ko ta mazaɓa. An kuma ɗora aiwatar da hukuncin a wuyan shugaban majalisar dattawa ko kakakin majalisa, wanda zai gabatar wa zauren hujja kafin ya ayyana kujera a matsayin babu kowa a kanta. To shi kakakin ɗan jam'iyya ne, galibi ma ɗan jam'iyyar da ake tururuwar shiga. Yaya za a yi ya kori baƙon da ya zo ƙara masa yawa? Sannan dokar ba ta ambaci shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu ba ko kaɗan.

Abin da ya sa wannan giɓi yake da ciwo shi ne yadda ake zaɓe a ƙasar nan. Sashe na 221 ya keɓe neman ƙuri'a ga jam'iyyu kaɗai, babu ɗan takara mai zaman kansa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan mutum ko hotonsa. Tsohuwar da ta fito tun da sassafe ta bi layi a rumfar zaɓe, alama take nema: lema, ko tsintsiya, ko masara a zamanin ANPP. A gefen alamar take dangwala yatsa. Bayan wata shida sai ta ji a rediyo cewa wakilinta ya tafi inda ta ƙi dangwalawa, an kafa rumfuna a filin wasa, an miƙa masa tuta, an ce ya dawo gida. Ita ba a tambaye ta ba, kuma babu inda dokar ta tanadi a tambaye ta.

A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da har yau ake fama da haɗa su wuri ɗaya. A ƙarshen 2006 Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya karɓi takarar jam'iyyar AC alhali yana kan kujerar da ya hau da PDP. Fadar Shugaba Obasanjo ta ce ya sauke kansa da kansa. A Afrilun 2007 kotun ta ce a'a, kundin ya lissafa hanyoyin da mataimakin shugaban ƙasa ke rasa muƙaminsa, kuma canza jam'iyya ba ya ciki. A Oktoban shekarar kuma kotun ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas duk da bai yi yaƙin neman zaɓe ba, Celestine Omehia ne PDP ta tsayar. Hujjar ita ce Amaechi ne halattaccen wanda ya ci zaɓen fidda gwani, kuma jam'iyya ce ke cin zaɓe. Irin wannan fahimtar ce ta sa Yahaya Bello ya gaji ƙuri'un Abubakar Audu a Kogi bayan rasuwarsa a 2015. Ƙuri'a dai ta jam'iyya ce a ranar da ake ba mutum kujera, amma in ya zauna a kai, yana iya ɗaukarta ya tafi da ita.

Gwamnoni sun fahimci saƙon. Mahmud Aliyu Shinkafi na Zamfara da Isa Yuguda na Bauchi duk ANPP ce ta kawo su a 2007, duk kuma PDP suka koma kafin wa'adinsu ya cika. Labarin Bauchi ya fi tsaya mini a rai. Mataimakin gwamna, Alhaji Garba Gadi, ya ce shi yana nan a jam'iyyar da jama'a suka zaɓa. Majalisar jihar ta tsige shi a 2009, sai a 2010 kotu ta mayar da shi. Dokar da aka yi don kare zaɓin jama'a ba ta taɓa wanda ya tafi ba, wanda ya tsaya shi ya ɗanɗana.

Sai babbar girgizar 2013. Ranar 31 ga Agusta, ana tsakiyar babban taron PDP a dandalin Eagle Square a Abuja, Atiku da gwamnoni bakwai suka fice, suka kafa abin da suka kira Sabuwar PDP ƙarƙashin Alhaji Abubakar Kawu Baraje, suna adawa da shugabancin Alhaji Bamanga Tukur. A Nuwamba biyar daga cikinsu suka shiga APC: Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano, Aliyu Magatakarda Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Amaechi na Ribas. Sule Lamido na Jigawa da Mu'azu Babangida Aliyu na Neja suka tsaya. A Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi sahu, kakakin majalisa Aminu Waziri Tambuwal ya karanta takardarsu bai ce uffan kan kujerunsu ba. A Janairun 2014 sanatoci 11, ciki har da Bukola Saraki da Ɗanjuma Goje, suka miƙa tasu takardar, shugaban majalisar dattawa David Mark ya ƙi karantawa, ya ce magana tana gaban kotu. Doka ɗaya, zaure biyu a gini ɗaya, kowane shugaba ya bi da ita yadda ta dace da ɓangarensa. A Maris wata Babbar Kotun Tarayya ta ce wakilan nan 37 ba su da hurumin ci gaba da zama. Suka ɗaukaka ƙara, suka ci gaba da zamansu.

Ranar 28 ga Oktoban 2014 Tambuwal da kansa ya sanar da komawa APC, nan take ya ɗage zaman majalisa zuwa Disamba. Sufeto Janar na 'yan sanda, Suleiman Abba, ya janye masa masu tsaro, yana kafa hujja da sashe na 68, kamar fassara tsarin mulki aikin ɗan sanda ne. Ranar 20 ga Nuwamba aka kira zaman gaggawa don duba buƙatar Shugaba Jonathan ta tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa. Da Tambuwal ya iso, ya tarar an garƙame ƙofa. Duk wanda ya kalli talabijin a ranar yana tuna hoton: manyan mutane, wasu da babbar riga wasu da kwat, sun tattare tufafi suna kama ƙarfen ƙofar majalisa suna haurawa, abokansu na tura su daga ƙasa, hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe harabar. Da ƙyar aka shigar da kakakin. Zancen tsaron Arewa maso Gabas, wanda shi ne ya tara su, a lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa, bai samu sauraron da ya kamata ba a ranar.

Dole a faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi wa masu neman a tsaurara doka daɗi ba. Ba don ficewar 2013 ba, da wuya a ce APC ta yi ƙarfin da za ta kayar da jam'iyya mai mulki a 2015, karo na farko a tarihin ƙasar. Waɗancan mutane sun bar inuwar gwamnatin tarayya ne suka tafi adawa, kuma wasunsu sun biya farashi; Nyako tsige shi aka yi a Yulin 2014. Ɗan majalisar da jam'iyyarsa ta zama mallakar mutum ɗaya, ko ta juya wa alƙawarin da ta yi wa jama'a baya, yana buƙatar hanyar fita. Dimokuraɗiyyar da ta toshe wannan hanya gaba ɗaya ta ɗaure wakili ne ta miƙa wa uban gida.

Hukuncin da ya fi kowanne fayyace dokar ya zo ne a makare, kuma a kan mutumin da ba shi da wani babban gata. Ifedayo Abegunde ya ci kujerar Akure ta Arewa da ta Kudu a majalisar wakilai a 2011 da jam'iyyar Labour, wadda ke mulkin Ondo a lokacin, sannan ya koma ACN, yana cewa reshen jam'iyyarsa na jiha ya rabu. A Afrilun 2015 Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ita ce ɓarakar da kundi ke nufi ba. Sai rabuwar ta kai ga shugabancin ƙasa, ta yadda jam'iyyar ba ta iya gudanar da harkokinta. Ta umarce shi ya sauka. Ma'auni ne mai kyau. Amma saura 'yan makonni wa'adin majalisar ya ƙare, ya riga ya ci kusan shekara huɗunsa.

'Yan siyasa kuwa darasi biyu suka ɗauka daga hukuncin. Na farko, shari'a takan kai ƙarshen wa'adi. Na biyu, tunda ɓaraka ta ƙasa ake nema, sai a samar da ita kafin a tashi. A Yulin 2018 Injiniya Buba Galadima ya sanar da wani tsagi mai suna R-APC. Ranar 24 ga watan, duk da 'yan sandan da aka jibge a ƙofar gidansa, Saraki ya bayyana a zaure ya karanta sunayen sanatoci fiye da goma da suka bar APC, ciki har da Kwankwaso da Dino Melaye, a majalisar wakilai kuma mutum 37 suka fice. Mako guda bayan haka Saraki ya bi su PDP yana riƙe da shugabancin majalisa. A Agusta Godswill Akpabio, jagoran marasa rinjaye, ya yi nasa tafiyar zuwa APC. Waɗanda suka kira sauya sheƙa 'yancin ɗan Adam a 2014 su ne suka kira ta sata a 2018, waɗanda suka kira ta sata a da suka koma kare ta. Babu wanda ya rasa kujera ta hanyar sashe na 68. Masu zaɓe ne suka yi nasu hukuncin a 2019, inda Saraki da Akpabio duk suka faɗi.

Zamfara ta nuna iyakar abin. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar baki ɗaya saboda ba ta yi halattaccen zaɓen fidda gwani ba, kusan dukkan kujeru suka koma hannun PDP, Bello Matawalle ya zama gwamna. A Yunin 2021 ya koma APC ɗin nan, 'yan majalisa suka bi shi. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi, aka tsige shi a Fabrairun 2022, tamkar dai Garba Gadi. A Maris ɗin shekarar Mai Shari'a Inyang Ekwo ya yi ƙoƙarin faɗaɗa dokar, ya sauke Gwamna David Umahi na Ebonyi da mataimakinsa saboda komawa APC, yana cewa ƙuri'un na PDP ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, ta koma kan matsayar shari'ar Atiku. A 2023 mutanen Zamfara suka kayar da Matawalle suka zaɓi Dauda Lawal na PDP, amma sai da suka jira kusan shekara biyu kafin a ji ta bakinsu.

Mai cewa a ƙara wa dokar haƙora ya kamata ya leƙa Indiya, domin ta daɗe tana wannan gwaji. A 1967 wani ɗan majalisar jihar Haryana, Gaya Lal, ya canza jam'iyya sau uku cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, gwamnatocin jihohi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1985 gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi wa tsarin mulki gyara na 52. Dokar tasu ta fi tamu tsauri nesa ba kusa ba: ba barin jam'iyya kaɗai ba, ko ƙuri'a ɗan majalisa ya kaɗa saɓanin umarnin jam'iyyarsa yana iya rasa kujera. Da farko an yafe wa ƙungiyar da ta kai kashi ɗaya bisa uku, sai sauya sheƙa ta tashi daga ɗaiɗaiku ta koma ta gungu. A 2003 aka toshe wannan, aka bar haɗewa kawai in kashi biyu bisa uku sun yarda. A Goa a 2019, mutum 10 cikin 15 na jam'iyyar Congress suka cika adadin suka shige BJP. A Karnataka a shekarar, da Madhya Pradesh a 2020, sai aka ɓullo da wata dabara: 'yan majalisa su ajiye aiki a tare, gwamnati ta rasa rinjaye ta faɗi, su sake tsayawa da sabuwar jam'iyya, da dama su dawo ministoci. Can ma kakakin majalisa ne alƙali, yana gaggawa in hukuncin zai amfani ɓangarensa, yana jan ƙafa in zai cutar da shi. Asarar da ta fi girma ita ce ta muhawara. Wakilin da ya san ƙuri'a ɗaya ta saɓa wa shugabanni za ta raba shi da kujera, ba zai tashi ya kare mazaɓarsa a kan jam'iyyarsa ba. A ƙasa irin tamu, inda gwamna ke riƙe da jam'iyya a jiha kuma shi ke raba tikiti, irin wannan doka za ta gama kashe majalisun da dama numfashinsu kaɗan ne.

Maƙwabta ma sun taɓa nasu. Kundin Nijar na 2010, wanda juyin mulkin Yulin 2023 ya dakatar, ya ce ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa mataimakin da aka zaɓe su tare ne zai maye gurbinsa, amma wanda jam'iyya ta kora yana nan a matsayin mai zaman kansa. Wannan ya hana shugabannin jam'iyya amfani da kora su ƙwace kujera, sai dai ya bar wata kafa: mutum ya ƙi fita da baki, ya riƙa kaɗa ƙuri'a tare da gwamnati. A Ghana kuma, a Oktoban 2024, kakakin majalisa Alban Bagbin ya ayyana kujeru huɗu a matsayin wofi saboda masu su sun yi rajistar takarar zaɓe mai zuwa da wata tuta daban, abin da zai juya rinjaye zuwa hannun 'yan adawa. Majalisa ta tsaya cik ana saura makonni a yi zaɓe, har sai da Kotun Ƙoli ta soke matakin a Nuwamba.

A ganina abin da ya fi kusa da adalci bai wuce abin da Rimi ya yi ba, a mayar da shi doka a kan kowa, daga kansila har shugaban ƙasa. Mai son tafiya ya tafi, kada a taɓa 'yancinsa na kaɗa ƙuri'a a zaure yadda ya ga dama, amma in ya canza jam'iyya ya ajiye kujera ya koma gaban waɗanda suka zaɓe shi. A cire hukuncin daga hannun kakaki, a ba kotu wa'adin kwanaki kamar yadda aka yi wa ƙararrakin zaɓe. Na san zaɓen cike gurbi yana cin kuɗi, na kuma san Karnataka ta nuna ana iya sayen wannan hanyar ma. Duk da haka ita kaɗai ce take mayar da magana wurin mai ƙuri'a. Kiranye da sashe na 69 ya tanada ba ya cike wannan gurbin, domin sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, an tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye ya mutu a matakin tantancewa a 2018, kuma tun 1999 babu ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da aka dawo da shi gida ta wannan hanya.

Ribas ce ta nuna abin da rashin alƙali mai sauri ke jawowa. A Disamban 2023, cikin rigimar Gwamna Siminalayi Fubara da tsohon uban gidansa Nyesom Wike, 'yan majalisar jihar 27 cikin 32, ƙarƙashin kakaki Martin Amaewhule, suka sanar da barin PDP zuwa APC. 'Yan tsirarun da ke bayan gwamna suka ce kujerun 27 ɗin sun zama wofi. Aka rushe ginin majalisa, gwamna ya gabatar da kasafin kuɗin jihar gaban mutanen da ba su kai yatsun hannu biyu ba. Fiye da shekara guda jihar tana da majalisa biyu, kowace da takardar kotu a hannu. Ranar 28 ga Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta amince da majalisar Amaewhule, tana cewa ba a tabbatar mata da hujjar sauya sheƙar ba, duk da cewa jama'a sun ga sanarwar da idonsu. Ranar 18 ga Maris Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamna da majalisar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas kantoma. Shekara 63 bayan Majekodunmi, rigimar wanda ya mallaki kujerun majalisa ta sake kai wani yanki na ƙasar ga mulkin wanda ba a zaɓa ba.

Shekarar 2025 ta zo da guguwar da ta sha bamban da ta 2013, domin wannan karon galibi inda mulki yake aka nufa. A Afrilu Gwamna Sheriff Oborevwori na Delta ya koma APC tare da Ifeanyi Okowa, mutumin da ya yi wa PDP takarar mataimakin shugaban ƙasa shekara biyu kacal kafin nan. Umo Eno na Akwa Ibom ya bi a Yuni, Peter Mbah na Inugu a Oktoba, sai Douye Diri na Bayelsa. A Mayu sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka bar PDP a tare. Takardun da ake karantawa a zaure kusan kalma ɗaya suke maimaitawa, wato rikicin shugabanci a uwar jam'iyya. Kuma a 2025 ɗin rikicin na gaske ne: PDP ta shafe watanni tana shari'a kan wane ne sakatarenta na ƙasa, Labour a lokacin tana da shugabanni biyu, NNPP ma haka. 'Yan adawa na zargin da hannun masu mulki a rura wutar, masu mulki na musantawa. Ma'aunin da aka kafa a shari'ar Abegunde don taƙaita ƙofar ya zama abin da kusan kowa ke iya cikawa. Lokacin da aka rantsar da majalisar dattawa ta goma a Yunin 2023, APC na da sanatoci 59 cikin 109. Kafin 2025 ta ƙare sun haura 70, kuma mafi yawan ƙarin ba daga akwatin zaɓe ya fito ba. Kashi biyu bisa uku na zauren, wato 73, shi ne adadin da kundi ke nema kafin a yi masa gyara a mafi yawan sassansa, ciki har da sashe na 68.